Masu Rabon Lambobin Intanet: Abin da Na Gani a Holan

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a babbar tashar Amsterdam, kekuna ne za su fara ɗauke masa hankali. Tsoho da tsohuwa, mai kwat da ɗalibi, kowa yana bisa nasa, kuma ba sa jiran baƙo ya gama kalle-kalle kafin su gifta. A bayan tashar ruwa ne, jiragen fito suna ƙetarar da mutane kyauta. A gefenta kuwa akwai wani ofis da dubban matafiya ke wucewa ta ƙofarsa kullum ba tare da sun san da shi ba, kuma shi ne ya kai ni Holan a watan Oktoban 2019. Sunansa RIPE NCC. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ba kuma kamfanin waya ba ne. Ƙungiya ce ta mambobi da ke da rajista a ƙarƙashin dokar Holan, kuma a hannunta kundin adireshin intanet na Turai da Gabas ta Tsakiya da wani yanki na tsakiyar Asiya yake, ƙasashe sama da 70. Kamfanin sadarwa na Landan da na Riyad da na Mosko duk a nan suke neman lambobin da na'urorinsu ke magana da su. Na isa a lokacin da kowa ya san saura makonni kaɗan abin da ake rabawa ya ƙare.

Na sauka a unguwar Bijlmer, kudu maso gabashin birnin, inda 'yan Gana da 'yan Suriname suka yi yawa. Mai masaukina dattijo ne, Bahaushen Kumasi, ya daɗe a ƙasar har 'ya'yansa sun yi aure. A falonsa na hango tarho irin na tebur, mai igiya a murɗe, irin wanda rabona da shi tun zamanin kamfanin tarho na NITEL.

"Alhaji, wannan har yanzu yana aiki?"

"Yana aiki mana, Malam. Amma leƙa ka ga inda igiyarsa ta shiga."

Na sunkuya na bi igiyar da ido. Ba ta nufi bango ba. Ta shige bayan wani ɗan akwati mai ƙyaftawar fitilu, wanda shi ne kuma ke ba wa gidan intanet, daga jikinsa wata igiyar ta fita zuwa talabijin. Alhaji ya ce da kuɗin tarho daban yake biya, na talabijin daban, yanzu takarda ɗaya ake aiko masa. Ya ƙara da cewa ran da wuta ta ɗauke a benen, tarhon ma shiru ya yi, abin da bai saba gani ba a da, domin tsohon layi da wutarsa yake zuwa.

Wannan ɗan akwatin shi ne dukan zancen haɗewar hanyoyin sadarwa. A da, murya tana da hanyarta, hoton talabijin yana da tasa, saƙon kwamfuta yana da tasa. Yanzu duk an mayar da su 'yan gutsattsarin bayanai da ke bin hanya guda. A lokacin ziyarata kamfanin Deutsche Telekom yana gab da gama kwashe mutanen Jamus daga tsohon layi, BT na Birtaniya kuma ya riga ya sanar zai rufe nasa, wa'adin da daga baya aka ɗaga zuwa Janairun 2027. Wayar hannu ma haka take: a tsarin 4G da 5G ba a tanadi wata hanya ta daban don murya ba, kiran da ka yi gutsattsari ne kamar hoto da bidiyo. Kowane gutsure kuwa sai an rubuta masa inda ya fito da inda za shi. Ashe ke nan lambar da ta zama ginshiƙin sadarwar duniya ba ita ce wadda muke haddacewa muna ba wa abokai ba.

Lambobin nan biyu, lambar tarho da adireshin intanet, asalinsu daban ne, masu iko da su ma daban. Lambar tarho 'yar gwamnati ce tun haihuwarta. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa a Paris a 1865 a zamanin talgiram, kuma yau take Geneva a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ta ba Nijeriya +234, Nijar +227, Gana +233, Holan +31. Ƙa'idarta mai suna E.164 ta ce kada lamba ta wuce alƙaluma 15. Daga nan kowace ƙasa ta ji da nata: a Abuja hukumar NCC ce ke cewa wannan kamfani ya ɗauki 0803, wancan 0802. Ministoci ne ke zama, kowace ƙasa da ƙuri'arta ɗaya.

Adireshin intanet kuwa ɗan jami'a ne. A 1981 aka fitar da tsarin da ake kira IPv4, mai ɗauke da adireshi kusan biliyan 4.3, lokacin da mutanen duniya gaba ɗaya suke wajen biliyan 4.5, kwamfutocin da ke haɗe kuma ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi, ya sha faɗa cewa gwaji suka ɗauka suna yi. Mutum guda, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi ya riƙe babban kundin rabon har rasuwarsa a 1998. A shekarun farko wanda ya tambaya ba shi ake yi, kuma da babban dami, mai adireshi miliyan 16.7. Jami'ar MIT ta samu dami guda, kamfanin motoci na Ford guda, Apple guda, Daimler na Jamus guda. Ma'aikatar tsaron Amurka ita kaɗai tana riƙe da sama da adireshi miliyan 200, alhali abin da nahiyar Afirka baki ɗaya ta samu bai wuce wajen miliyan 120 ba. Holan mai mutum miliyan 17 a lokacin tana da sama da miliyan 40. Nijeriya mai layukan waya sama da miliyan 150 ba ta kai miliyan 5 ba. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan don ya cuce mu. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Amma rashin mugun nufi bai rage wa abin nauyi ba a kan wanda ya zo daga baya.

Da aka ga rabon ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai aka kasa duniya gida biyar. RIPE NCC ce ta farko, a 1992. Sai APNIC ta Asiya, ARIN ta Arewacin Amurka, LACNIC ta Latin Amurka, ƙaramarsu kuma AFRINIC ta Afirka wadda aka amince da ita a 2005. Ranar 3 ga Fabrairun 2011, a birnin Miami, babbar ma'ajiya ta miƙa damuna biyar na ƙarshe, kowane gida ya karɓi ɗaya.

Dokokin rabon ba a wancan ofis na gefen tasha ake yin su ba. Ma'aikatan ofishin aiwatarwa kawai suke yi. Masu yin dokar taro suke yi sau biyu a shekara, kowane karo a wani birni, kuma na wannan kaka a Rotterdam aka yi shi, tafiyar ƙasa da awa guda a jirgin ƙasa. Birni ne na tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, gine-ginensa sabbi ne domin an yi wa tsakiyarsa ruwan bama-bamai a 1940, magajin garinsa a lokacin kuma Musulmi ne haifaffen Maroko, Ahmed Aboutaleb. Na shiga zauren ina tsammanin ganin manyan mutane da kwat da tutoci a gabansu. Abin da na tarar ɗaruruwan injiniyoyi ne sanye da rigunan shan iska, kowa da kwamfuta a cinya. Babu kujerar ƙasa kaza, babu teburin manyan baƙi. An kafa makirufo a tsakanin layukan kujeru. Mai magana zai tashi ya bi layi, in an zo kansa ya faɗi sunansa da inda yake aiki, sannan ya faɗi abin da ke bakinsa. Na ga saurayi daga wani ƙaramin kamfani ya tsaya a bayan dattijon da ke wakiltar kamfani mai mutum miliyoyi, kuma lokacin da aka ba su ɗaya ne. A gefen dandamali akwai allo, duk kalmar da aka furta tana fitowa a rubuce nan take, masu saurin rubutu na zaune suna bugawa. Wannan allon ya taimake ni ƙwarai, domin Turancin Baturen Rasha da na Italiya ba ɗaya ba ne a kunne.

Ba a kaɗa ƙuri'a. Kowa na iya kawo shawara, ko mamba ne ko ba mamba ba. A tattauna ta a zaure, a ci gaba da ita a rubuce na tsawon watanni, shugabannin kwamitin su duba ko akwai wata ƙwaƙƙwarar hujja ta ƙin amincewa da ba a amsa ba. In babu, shawara ta zama doka. Al'adar ta samo asali tun 1989, lokacin da wasu masana daga cibiyoyin bincike suka fara haɗuwa don daidaita hanyoyinsu, Rob Blokzijl, masanin kimiyyar fiziks ɗan Holan, ya jagorance su shekara 25. Na fito daga zaman farko cike da sha'awar tsarin, kuma har yau ban daina ba. Sai dai na waiga zauren ban ga fuskokin Afirka ba sai ɗaiɗaiku. Gaskiya ne yankinmu daban ne. Amma abin da aka yanke a wannan zaure yakan zama abin koyi ga sauran gidajen huɗu, kuma zuwa nan yana buƙatar biza da kuɗin jirgi da na otal da mai gidan da zai sake ka mako guda. Ƙofa a buɗe take, hanyar zuwa ƙofar ce ba kowa ke iya bi ba.

Yadda suka tafiyar da ƙarshen rabon ya cancanci a tsaya a kai. Tun Satumban 2012 da suka taɓa damin ƙarshe, suka ce daga yau kowane mamba sau ɗaya za a ba shi, adireshi 1,024, komai girmansa. Nufinsu kyakkyawa ne: kada manya su wawashe ragowar, sabon shiga ya zo ya tarar da wayam. Amma kasuwa ta riga ta buɗe. A 2011 Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga hannun kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7.5, wato dala 11.25 kowane ɗaya. Zuwa 2019 farashin ya kai wajen dala 20. Mai lissafi sai ya ga cewa kuɗin shiga ƙungiya da na shekara bai kai darajar adireshi 1,024 a kasuwa ba. Mutane suka shiga buɗe rajista biyu, biyar, goma, su karɓi kasonsu, su jira shekara biyun da doka ta gindaya, su haɗe ko su sayar. Wannan rububi shi ya gaggauta ƙarewar. A wajen shan shayi na ga dillalan adireshi da teburansu da katunansu, kamar kowane ɗan kasuwa, wasu na sayarwa, wasu na ba da haya wata-wata. Wani injiniya da muka zauna teburi ɗaya ya ce mini shi abin da ya fi damunsa ba cinikin ba ne, a dai rubuta shi a kundi. In aka hana saye da sayarwa, a cewarsa, za a ci gaba da yi a ɓoye, kundin ya zama ƙarya, ran da aka kai wa wani hari ta intanet a rasa wanda za a kira. Na jima ina juya wannan magana, domin ta nuna mini cewa dukiyar ofishin nan ba lambobin ba ce, gaskiyar abin da ya rubuta ce.

Ranar 25 ga Nuwamban 2019, bayan na dawo gida, suka sanar cewa sun ba da kaso na ƙarshe. Tun daga nan layin jira ne, sabon shiga ya samu 256 kacal daga abin da aka ƙwato ko aka mayar. Farashi ya haura dala 50 a wajajen 2021 kafin ya sauko. A Fabrairun 2024 Amazon ya fara cajin masu hayar kwamfutocinsa kuɗi a kan kowane adireshi, awa-awa.

To, in adireshi ya ƙare, ta yaya wayoyinmu suke shiga intanet? Da dabara. Kamfanin waya yakan tara dubban mutane a bayan adireshi kaɗan, kamar babban gida mai ɗakuna da yawa amma zaure ɗaya. Na ciki zai iya aika yaro waje ya dawo masa da amsa, domin mai gadin zauren ya san ɗakin da ya aike shi. Amma baƙon da ya zo daga waje ba tare da an kira shi ba, iyakarsa zaure. Kuma in ɗan gidan guda ya yi ɓarna a gari, gidan duka ake ɗora wa laifi. A farkon 2007 Wikipedia ta toshe adireshi ɗaya saboda masu ɓata shafuka, sai ga shi kusan duk mutanen Katar marasa rajista a shafin sun kasa gyara komai, domin ta nan ƙasar take fita. Matasanmu da ke rubuta Wikipedia ta Hausa sun san wannan ciwo, mutum bai yi komai ba ya tarar an rufe masa ƙofa. 'Yan sandan Turai ma sun koka, domin in suka zo da adireshin mai laifi sai a nuna musu mutum dubu. A Beljiyam hukuma da kamfanoni suka yi yarjejeniya cewa kada a ɗora fiye da mutum 16 a kan adireshi ɗaya, kuma hakan na cikin abin da ya tura ƙasar ta riga maƙwabtanta komawa sabon tsarin adireshi mai suna IPv6. Abin da ya fi ci mini rai a wannan dabara shi ne tana mayar da mu masu karɓa kawai. Wanda ba a iya samunsa kai tsaye daga waje, da wuya ya kafa wani abu nasa da duniya za ta zo wurinsa. Dole ya bi ta hannun wani babban kamfani da ke da adireshi na kansa.

Akwai wani aiki da RIPE NCC ke riƙe da shi wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne yunƙuri na farko na ɗaura auren lambobin nan biyu. A shekarar 2000 wani injiniya ɗan Suwidin, Patrik Fältström, ya rubuta tsarin da ake kira ENUM. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauki lambar tarho, a juya ta daga ƙarshe zuwa farko, a sa ɗigo tsakanin alƙaluman, a liƙa mata e164.arpa a wutsiya. Duk lambar Nijeriya za ta ƙare da 4.3.2.e164.arpa. Da haka lambar ta zama suna a intanet, mai ita ya rubuta a ƙarƙashinta duk hanyoyin da za a same shi, kowane kamfani a duniya ya iya dubawa ya haɗa kira ba tare da bin tsohon layi ba. Aka raba aikin: injiniyoyin Amsterdam su riƙe na'urar, amma ba za a miƙa lambar wata ƙasa ga kowa ba sai ITU ta tabbatar gwamnatin ƙasar ta yarda. Ostiriya ta fara amfani da shi a kasuwa a 2004, wasu ƙasashen Turai suka biyo.

Abin bai karɓu ba. Kamfanonin waya suna cin kuɗi ne daga kiran da ya sauka a layinsu, ba su ga dalilin buɗe hanyar da za ta kewaye su ba. Suka ɗauki dabarar suka yi amfani da ita a cikin gida, tsakaninsu, inda jama'a ba sa gani. Auren kuwa an ɗaura shi, amma a wani gidan. Da daddare na ga Alhaji ya ɗauki wayarsa ya kira ƙanwarsa a Kumasi ta WhatsApp, suka yi hira mai tsawo ba a cire masa ko sisi na kira ba. Lambar tarhonta ya danna, intanet ta ɗauki muryar. Abin da ENUM ya so yi ke nan daidai. Bambancin shi ne kundin da ya haɗa lambarta da wayarta ba na ITU ba ne, ba na zauren Rotterdam ba ne, na kamfani ɗaya ne da Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. Ba minista ke da ta cewa a kansa ba, ba kuma mai bin layin makirufo ba. Shekara da shekaru gwamnatoci da injiniyoyi suna jayayya kan wa zai riƙe lambobi, sai na uku ya zo ya ɗauki abin da ya fi kusa da rayuwar mutane. A ganina duk wani shiri na gaba da bai dubi wannan ba, ya bar rabin matsalar a waje.

Jayayyar kuwa tsohuwa ce. A taron ƙoli na Geneva a 2003 da na Tunis a 2005 ƙasashe da dama sun tambayi dalilin da ya sa gwamnatin Amurka ita kaɗai ke da kwangila da ICANN, hukumar da ke saman rabon. A 2004 Houlin Zhao na Sin, wanda daga baya ya shugabanci ITU, ya kawo shawarar a ware wani kaso na sabbin adireshi a raba wa ƙasashe, kowace gwamnati ta riƙe nata kamar lambar tarho. A Dubai a Disambar 2012 abin ya kai ga rabuwar kai: ƙasashe 89 suka sa hannu a sabuwar yarjejeniyar sadarwa, akasarin na Afirka da na Larabawa na ciki, Amurka da yawancin Turai suka ƙi. A Oktoban 2016 kwangilar Amurka ta ƙare ba a sabunta ta ba.

Na fahimci masu son a ba gwamnatoci, domin duk wanda ya dubi rabon farko dole ransa ya sosu. Duk da haka ba na tare da su. Adireshin intanet wayoyi yake bi, ba iyakar ƙasa ba. Manyan na'urorin da ke nuna wa gutsattsari hanya suna riƙe da jerin hanyoyi da ya kai wajen 800,000 a lokacin ziyarata, kuma abin da ke hana jerin fashewa shi ne kowane kamfani yana sanar da kasonsa a dunƙule. In aka yanka bisa taswira, kamfanin da ke aiki a ƙasashe goma sai ya sanar da guntaye goma. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Gwamnatocinmu sun riga sun nuna za su iya kashe sadarwa in sun ga dama. An yi a Nijar bayan zaɓen 2021, an yi a wurare da yawa. Wanda ke riƙe da makunni, bai kamata a ƙara masa da kundin ba. A 2022, da yaƙi ya ɓarke, gwamnatin Yukiren ta nemi ICANN da RIPE NCC su soke sunaye da adireshin Rasha. Duka biyun suka ƙi, suna masu cewa kundin na kowa ne, in aka mayar da shi makami sau ɗaya ba wanda zai sake yarda da shi. Na ga daidai suka yi. Amma kada a ɗauka ofishin Amsterdam a sararin sama yake. Dokar Holan ta hau kansa, takunkumin Tarayyar Turai ya hau kansa, dole ya daskarar da rajistar duk wanda aka sa a jerin takunkumi, mambobinsa na Iran da Siriya kuma sun sha wahalar ko biyan kuɗin shekara ta banki.

Cewa ƙungiyar mambobi tana ƙarƙashin kotun ƙasa ɗaya, mu ne muka fi kowa ɗanɗana shi. AFRINIC tana tsibirin Mauritius. Mutane irin su Nii Quaynor na Gana da Adiel Akplogan na Togo, shugabanta na farko, sun sha fama kafin Afirka ta samu gidanta. Da yake ita ce ta fi daɗewa da sauran adireshi a ma'ajiya, idon duniya ya dawo kanta. A ƙarshen 2019 ya bayyana cewa an yi wa kundinta kutse daga ciki, an karkatar da adireshi miliyoyi. Sai kuma rigima da wani kamfani mai rajista a Seychelles da ya karɓi sama da miliyan 6 yana ba da hayarsu, akasari a wajen nahiyar. Shari'o'i suka yi ta hawa kan juna. A 2021 kotu ta rufe asusun ajiyar AFRINIC na wani lokaci, daga 2022 ta zauna ba hukumar gudanarwa, a 2023 aka naɗa mata mai riƙon ƙwarya na kotu. Zaɓen Yunin 2025 aka soke shi, sai a Satumba aka samu sabuwar hukuma. A tsawon wannan lokaci, ƙananan kamfanoni da jami'o'i masu neman kaso sun yi ta jira. Wannan ne ya sa gidajen biyar da ICANN suka koma kan takardar 2001 da ta tsara yadda ake amincewa da sabon gida, domin ba ta faɗi abin da za a yi in gida ya durƙushe ba. Ana sake rubuta ta, har da sharuɗɗan janye amincewa da miƙa kundi ga wani. Saboda mu ake rubuta wannan takarda, kuma zai zama abin takaici a gama ta muryoyinmu ba su da yawa a ciki.

Mafita ta ainihi tana nan tun shekarun 1990. Sabon tsarin IPv6 yana da adireshi 340 da sifiri 36 a gaba. Mafi ƙanƙantar kason da ake ba magidanci ɗaya ya ninka dukan tsohon tsari sau biliyan 4 da ɗoriya. A zauren Rotterdam an tanadi wata hanyar shiga intanet da ke aiki da sabon tsari zalla, don mutane su gwada. Na haɗa wayata da ita, saƙonni suka shigo, shafuka suka buɗe, ban ga wani bambanci ba. Matsalar kuwa ke nan. Mai waya ba ya ganin bambanci, don haka ba ya neman a ba shi, tsarin biyu kuma ba sa jin harshen juna, dole kamfani ya ɗauki nauyin duka biyun na tsawon shekaru. Shi ya sa, bayan ƙaddamarwar duniya ta 6 ga Yunin 2012, har yau ma'aunin Google yana nuna wajen rabin masu amfani ne kawai suka koma.

Indiya ce ta nuna cewa zuwa a makare yana iya zama riba. A Satumban 2016 kamfanin Jio ya buɗe da 4G zalla, ba tsohon layin murya ko ɗaya, kuma tunda babu inda zai samo tsofaffin adireshi na ɗaruruwan miliyoyin mutane, sai ya gina a kan IPv6 tun daga tushe. Cikin 'yan shekaru Indiya ta shiga sahun gaba a duniya, tare da Faransa da Jamus. Halinmu ya fi kama da na Indiya fiye da na Holan: jama'a mai yawa, kusan kowa ta wayar hannu yake shiga, tsofaffin adireshi kuma ba mu da su balle mu ji zafin rabuwa da su. Amma har yanzu muna can baya, kamfanoninmu suna ta ƙara ɗakuna a bayan zaure ɗaya.

A nan ne nake ganin gwamnati ke da aiki na gaske, kuma ba ya buƙatar ta karɓe kundin kowa. Ita ce ke ba da lasisi, ita ce kuma babbar mai sayen kaya. Hukumar sadarwa ta Faransa ta sa IPv6 cikin sharuɗɗan lasisin 5G da ta bayar a 2020. A 2020 ɗin dai gwamnatin Amurka ta umarci ma'aikatunta su fara komawa sabon tsari zalla. Jamhuriyar Cek ta ma tsayar da rana, 6 ga Yunin 2032, wadda daga ita shafukan gwamnatinta za su daina amsawa a tsohon tsari. Hukumomin sadarwa na NCC a Abuja da ARCEP a Yamai suna da irin wannan iko a duk lokacin da kamfani ya zo sabunta lasisi, kuma duk jami'a ko ma'aikatar da za ta sayi na'urar sadarwa a bana tana iya rubuta sharaɗin a takardar kwangila kafin ta biya.